Gonar Wa Ce?

Ka tsaya a bakin wata gona a gefen fadama, ko a ƙasar Haɗeja ko a ta Gummi, ka tambayi wanda ka tarar yana sunkuye a ciki: gonar wa ce? Zai ɗago ya ce maka tasa ce, kuma bai yi ƙarya ba. Sai in kun zauna zance ya yi nisa za ka ji sauran bayani. Gadonta suka yi su bakwai, har yau ba a raba ba. Ƙannensa mata biyu suna ɗakunan mazajensu, amma rabonsu na ciki. Gyatumarsu na da tumuninta. Ɓarin yamma yana hannun maƙwabci jingina tun shekarar da aka aurar da autarsu. Ɗorawar da ke tsakiya matan gidan ne ke cin kalwarta. Ta gefen gabas burtali ne, shanu na bi ta nan tun kafin a haifi kakansa, kuma idan aka kwashe amfani Fulani na shiga su ci kara su bar taki. Ruwan da ke jiƙa fadamar kuwa daga wata jiha yake tasowa, wani ma'aikacin da bai taɓa ganin gonar ba shi ke buɗe shi ya rufe.

Duk waɗannan suna da haƙƙi a kan ƙasa guda. Da za ka kai maganar gaban lauya, sai ya ƙara maka mutum ɗaya a kansu, ya ce a dokar Najeriya ƙasar tana hannun gwamna. Yawancin rigimar dukiya a ƙasar nan daga wannan cunkoso take tsirowa, domin takardar hukuma suna ɗaya take ɗauka, sauran masu haƙƙi kuwa ba su da abin nunawa sai bakinsu da shaidar dattawa.

Tun kafin zuwan Turawa Bahaushe yana da kalmominsa na rarrabe yadda gona ta shigo hannun mutum: gado, saye, kyauta, aro, jingina, haya, ko kuma saran daji da izinin dagaci. Akwai gandu, akwai gayauna. Kowace kalma da iyakar ikon da take bayarwa. Mai aro yana noma amma ba ya sayarwa, ba ya dasa itace. Mai riƙe da jingina yana ci har ranar da aka dawo masa da kuɗinsa. Malaman jihadi ma ba su bar batun ba. Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi musamman kan hanyoyin da mutum ke keɓanta da mataccen fili, wato wanda ba mai shi, ta hanyar raya shi da sara ko gini ko haƙa rijiya.

Da Lugga ya ci Sakkwato a watan Maris na 1903, ya shelanta cewa ikon da sarakuna suka samu a kan ƙasa da takobi ya koma hannun gwamnatin Ingila. Bayan wani kwamiti da ya zauna a Landan a 1908, aka yi dokar 1910, aka sabunta ta a 1916, wadda ta sa dukan ƙasar Arewa ƙarƙashin gwamna, wai yana riƙe da ita amana domin 'yan ƙasa. Gwamnatin Sardauna ta gaji wannan tsari ta zuba shi a dokarta ta 1962. Saboda haka lokacin da gwamnatin soja ta Obasanjo ta fito da Dokar Amfani da Ƙasa ranar 29 ga Maris 1978, mutanen Kudu ne suka ji abin kamar saukar aradu. A Arewa tsohuwar riga ce aka wanke aka sa wa kowa.

Abin da dokar ta ce a taƙaice shi ne, duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna amana domin amfanin 'yan Najeriya. Abin da kai kake da shi izinin zama da amfani ne. A birni gwamna ke bayarwa, yawanci na shekara 99, da takardar shaida wadda dillalai ke kira si-of-o. A karkara ƙaramar hukuma ke bayarwa, kuma ba za ta wuce hekta 500 don noma ko 5,000 don kiwo ba sai da yardar gwamna. A birni ba ka sayarwa, ba ka jinginarwa ga banki, sai gwamna ya sa hannu. Kotun Ƙoli ta ƙarfafa wannan a shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989, inda jinginar gida ta rushe saboda ba a nemi wannan yarda ba. Gwamna kuma yana iya janye izinin idan bukatar jama'a ta taso. Sojoji ba su tsaya nan ba, sai da suka ɗaure dokar a jikin tsarin mulki, tana nan a sashe na 315 na kundin 1999, ba a taɓa ta sai an bi doguwar hanyar gyaran kundin kansa.

Wurin da ya fi cizon talaka shi ne diyya. Idan gwamnati ta karɓi gonarka, ba ƙasar take biya ba, tunda a ganinta dama ba taka ba ce. Abin da ka ɗora a kai take biya: gini, rijiya, itatuwa, shukar da ke tsaye. Mutumin da gonarsa ta ciyar da gidansu shekara ɗari, idan masu awo suka zo da rani ba kome a cikinta sai kututturen dawa, lissafinsa ba zai kai kuɗin buhu nawa ba. Shekara biyu bayan nan sai ya ga an yanka ta fuloti-fuloti, kowane guda ya fi abin da aka ba shi ninkin ba ninkin. Duk wanda ya san yadda Kano da Kaduna da Abuja suka haɗiye ƙauyukan gefensu ya san wannan labari. Ita ma takardar ba laya ba ce. A shari'ar Ogunleye da Oni ta 1990 Kotun Ƙoli ta nuna cewa takardar da aka ba wanda ba shi da tushen haƙƙi ba ta kashe haƙƙin mai asali. Sai dai kafin mai asalin ya kai ga wannan hukunci, kuɗin lauya ya cinye masa wata gonar.

A cikin gida kuwa, dokar da ke aiki ga mafi yawanmu ita ce fiƙihun Malikiyya, kuma asalinsa a nan a fili yake: aure ba ya gauraya dukiya. Abin miji nasa ne, abin mata nata ne. Sadaki nata ne, ba na waliyyi ba. Ribar ƙosanta da ɗinkinta da akuyarta nata ne. Ciyarwa da tufatarwa da matsuguni suna wuyan miji ko da ta fi shi arziki. Malikiyya sun sa ƙaidi guda, cewa ba ta kyautar da fiye da sulusin dukiyarta ba da yardarsa ba, amma saye da sayarwa ba ruwansa. Idan ya rasu tana da rubu'i in bai bar ɗa ba, ko tumuni in ya bari, kuma kishiyoyi raba wannan kason suke yi. Shi kuma yana da rabi ko rubu'i a nata. Idan aka rabu aka yi gardama kan kayan gida, abin da aka san na mata ne sai a bar mata da rantsuwa, na maza a bar masa.

Wannan ƙa'ida ta tsare mata daga abubuwa da yawa. A Ingila sai a 1882 aka yi dokar da ta bar matar aure ta riƙe dukiyarta cikakkiya da sunanta. A nan Najeriya sai a 2014 Kotun Ƙoli, a shari'ar Ukeje da ta Anekwe, ta rushe al'adun wasu sassan ƙasar Ibo da ke hana 'ya mace da matar mamaci gado. Muna son yin tutiya da wannan, kuma akwai abin tutiyar. To amma a je rabon gado a ƙauye a gani. Sau nawa ake yanka wa mace gonarta a nuna mata iyaka? Abin da aka saba shi ne yayyenta su ce, “Ki bar ta a hannunmu, ai gida ɗaya ne, duk kaka za a kai miki naki.” Shekarar farko a kai dami biyar, ta uku a kai biyu, daga nan sai gaisuwar salla. Ko kuma a yi wa rabonta kuɗi da farashin da su masu sayen suka yanka. Ita kuma tana jin nauyi, domin gidan nan shi ne mafakarta ranar da aure ya ƙi. Da haƙƙinta take sayen wannan mafaka, kowa kuma ya san haka.

Akwai wata ɓaraka da ta fi wannan wuyar ɗinkewa. Mace ta kwashi adashinta ta ba miji a sayi bulo, ta sayar da ɗan kunnenta na gwal aka yi rufi, takardar fili kuma da sunansa. Bayan shekara ashirin saki ya zo, ko mutuwa. Alƙali zai tambaye ta, “Bashi kika ba shi, ko kyauta, ko haɗin gwiwa kuka yi? Ina shaidunki?” Wace mace ce ke kiran shaidu biyu kafin ta miƙa wa mijinta kuɗi a ɗaka? Waɗanda suka yi auren rajista suna da sashe na 72 na dokar shari'o'in aure ta 1970, wanda ya ba kotu damar raba dukiya yadda ta ga adalci, duk da haka kotuna sun sha neman mace ta kawo hujjar kuɗin da ta zuba, ba su cika lissafa girki da raino ba.

Kada wani ya ce gyaran wannan sai an fita daga mazhaba. A ƙarni na 16 wani malamin Malikiyya a duwatsun arewacin Maroko, Ibn Ardun, ya yi fatawa cewa matar karkara da ke aikin gona tare da mijinta tana da rabo a abin da aka samu gwargwadon wahalarta. Malamai sun yi ta ja da shi, amma fatawar ta rayu. Dokar iyali ta Maroko ta 2004 ta bar kowa da dukiyarsa kamar yadda asali yake, sannan ta buɗe ƙofar ma'aurata su rubuta yarjejeniya daban kan abin da za su tara a zaman aure, ta kuma umarci masu rubuta aure su sanar da su wannan dama. A ganina malamanmu da alƙalanmu sun makara wajen duba wannan babi, alhali kusan kowace unguwa akwai gidan da aka gina da kuɗin mace.

Ruwa ya fi ƙasa wuyar mallaka, domin ba ya tsayawa a inda aka yi masa iyaka. Hadisi ya sa shi cikin abubuwa uku da mutane ke tarayya a kansu, tare da ciyawa da wuta. Daga nan malamai suka tsara cewa mai ƙishi da dabbarsa suna gaba da mai ban ruwa, na sama ya shayar da gonarsa gwargwado ya saki wa na ƙasa, kuma kowace rijiya tana da haraba da ba a takura ta. Al'ada ta ƙara nata: sarkin ruwa shi ke faɗin ranar da za a shiga su, tabki kaza ba a kama kifinsa sai an buɗe shi. Dokar ruwa ta tarayya ta 1993 ta ɗauki duk ruwan da ya ratsa fiye da jiha ɗaya ta ba gwamnatin tarayya, ta bar wa mutane ɗiban na sha da shayar da dabba da kamun kifi da ban ruwan gonar kansu. Abin da ba ta faɗa ba shi ne, me mutumin ƙasa zai yi idan aka tare ruwan tun daga sama.

Bakalori ta amsa wannan tambaya da jini. An gina madatsar a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, kamfanin Impresit na Italiya ya yi aikin, aka kammala a 1978. Ruwa ya haɗiye garuruwa da gonakin dubban iyalai, aka kwashe su zuwa tudun da ba ya noma kamar fadamarsu. Waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin shirin noman rani an hana su shuka ana gyaran fili, da aka dawo rabo kuma wasu ba su gane inda tasu take ba, an baje iyakoki da itatuwan da ake shaida da su. Manoma suka tare hanyoyi suna neman diyya. A ƙarshen Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, mutanen wurin suka ce ɗaruruwa ne. Akwai kuma rukuni na uku da ba a cika ambato ba: manoman fadamar da ke ƙasan madatsar, masu shinkafa da masunta, waɗanda ambaliyar kowace shekara ce jarinsu. Ba a karɓi taƙi ɗaya na gonarsu ba, don haka a idon doka ba su yi asarar kome ba. Ruwan ne kawai ya daina zuwa yadda ya saba.

Haka abin yake a gabas, sai dai a hankali. Madatsar Tiga ta fara aiki a 1974, ta Challawa a 1992, birnin Kano da manoman Kadawa suka samu ruwa. A can ƙasa, dausayin Haɗeja da Nguru ya rasa tsohon tsarinsa na cika da janyewa. Ruwan da ake saki duk shekara ba ƙaƙƙautawa ya ba ciyawar kacalla wurin zama, ta toshe hanyoyi, wasu garuruwa suna nutsewa wasu suna ƙishi, abin da ke isa Gashuwa da Gaidam ya ragu. Shi ya sa duk lokacin da aka ta da maganar ƙarasa madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, Bauci ta ce ci gaba ne, Yobe da Barno su ce makogwaronsu za a shaƙe. A 2006 jihohi shida da ke shan wannan ruwa sun zauna a Damaturu suka kafa asusun haɗin gwiwa, wanda aƙalla ya amince cewa na ƙasa ma mai haƙƙi ne. Ƙudurin sabuwar dokar ruwa da gwamnatin Buhari ta yi ta kaiwa majalisa kuwa bai wuce ba. Zargin cewa dabara ce ta ƙwace bakin koguna a ba makiyaya ya kashe shi.

Makiyayi ma haƙƙinsa irin na mutumin ƙasan madatsa ne. Ba ya cewa ƙasar tasa ce. Abin da yake da shi hanya ce, da mashaya, da lokaci. Gwamnatin Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo a 1965, aka ware sama da 400 a faɗin ƙasa, amma kusan kashi ɗaya cikin uku kawai aka tabbatar a gazet, sauran kuwa gonaki da gidaje da manyan mutane sun cinye da yawansu. Da injin ban ruwa ya yi arha, fadamar da shanu ke sauka da rani ta koma albasa da tumatir, taki na buhu kuma ya rage wa manomi bukatar kashin shanu. Tsohuwar musaya ta kara da taki ta mutu, ba a kafa wata a gurbinta ba. Binuwai ta hana kiwon sake gaba ɗaya a 2017.

Nijar ta bi wata hanya, ita ma bayan ta sha wuya. A 1974 shugaban ƙasa Kunce ya shelanta cewa gona ta mai noma ta ce, abin da ya sa masu bayar da aro suka shiga ƙwace gonakinsu don tsoro. A 1991 rikicin manoma da makiyaya a Toda ta jihar Maradi ya ci sama da mutum ɗari. Dokar karkara ta 1993 ta zo ta daidaita haƙƙin gargajiya da na takarda, ta yarda cewa makiyayi yana da fifikon amfani a yankin da ya saba zama ba tare da ya hana wasu ba, aka kafa kwamitocin ƙasa har matakin gari, da hakimai da wakilan manoma da makiyaya da mata a ciki, suna rubuta aro da jingina da saye, suna kafa alamun burtali. Hukuma ce kuma ke sa ranar sakin gonaki bayan girbi. Ba a daina faɗa ba, kwamitoci da yawa ba su da ko kuɗin man babur. Amma dokar ta san gona ɗaya na iya ɗaukar haƙƙi fiye da ɗaya, tamu kuwa ba ta kai nan ba.

Ko wurin kai ƙara ma a rarrabe yake. Filin birni mai takardar gwamna sai babbar kotu. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ikonta ya tsaya ga aure da gado da wasiyya da kyauta da waƙafi, don haka an sha rushe hukuncinta a sama bayan shekaru, don kawai an gano rigimar ta iyakar gona ce ba ta gado ba. A gaban alƙali kuma akwai hauzi: wanda ya ga baƙo yana noma gonarsa shekara goma, yana gari, ba abin da ya hana shi magana, ya yi shiru, to ya rufe wa kansa ƙofa. Tsakanin dangi wa'adin ya fi tsawo, ana kai shi shekara arba'in, saboda an san kunya ke hana ɗan'uwa magana. Aro da jingina da haya ba sa zama mallaka kome daɗewa, in dai akwai mai shaidar cewa haka aka yi. Masu shaidar kuma tsofaffi ne.

Shugaba 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaran harkar ƙasa a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, a lokacin da ake cewa abin da aka yi wa rajista a ƙasar nan bai kai kashi 3 cikin ɗari ba. Rasuwar 'Yar'aduwa ta rage wa aikin ƙarfi, amma jihohi irin su Kano da Kaduna sun kafa hukumomin taswirar filaye na kwamfuta, suna kiran mutane su zo su yi takarda. Ina goyon bayan rajista. Wanda ke da takarda ya fi samun barci, banki ma ya fi sauraronsa. Tsorona yana ga ranar awo. Safiyo zai zo gonar nan ta gefen fadama da na'urarsa, ya tarar da wanda ke sunkuye a ciki, ya tambaye shi sunansa, mai unguwa ya ce i, shi muka sani yana nomanta. Doka ba ta hana a rubuta sunan magada duka ba, amma ƙannen nan biyu suna wasu garuruwa, gyatuma tana ɗaki, mai jingina ya tafi cin rani, shanu kuma ba za su sauko ba sai bayan wata huɗu.